Ina shayarwa, ina son in rage ƙiba kafin maigida ya dawo

Assalamu alaikum Tanti. Shekarata 28, ina zaune a Tawa, a gidan iyayen mijina. Wata uku da rabi ke nan da na haihu, haihuwa ta biyu, lafiya lau ba a yi mini aiki ba, kuma nono zalla nake ba yarinyar. Kafin cikin nan kilo 64 nake, ranar da na hau ma'auni a wurin awo sai na ga 77. Kayana duk sun matse ni, zobe ma na cire shi, da yamma kuma ƙafafuna kan yi nauyi. Cikina yana nan kamar na mai wata biyar.

Maigidana yana Abijan wajen bida, zai dawo Babbar Salla, saura wata biyu. Ranan muna waya ta bidiyo ya yi dariya ya ce, "Lallai jegon nan ya karɓe ki, anya ƙofar ɗaki za ta ishe ki?" Ni ma na yi dariya, amma da na kashe wayar kuka na yi. Tun ranar nake ta tunanin ko zai ƙaro aure.

Inna, mahaifiyarsa, har yau kullum sai ta dama mini kunun kanwa da safe, ta aiko da fura sau biyu, in na rage ta ce so nake a ce ba a kula da ni ba. Wata ƙawata ta sayar mini da shayin rage tumbi na jika 15. Kwana tara ke nan ina sha, na kuma daina cin abincin dare a ɓoye. Kilo biyu sun sauka, amma zawo nake yi, jiri na ɗibata in na miƙe, ina jin kamar nonona ya ragu, yarinyar kuma tana yawan kuka. Akwai ramuwar azumi a kaina, ina tunanin in fara yanzu ko zai taimaka. An kuma yi mini allurar tazarar haihuwa bayan arba'in. Don Allah Tanti, yaya zan yi in koma yadda nake kafin ya dawo, ba tare da na cutar da ɗiyata ba?

Wata ƴar'uwa daga Tawa

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Barka da sauka lafiya, Allah ya raya mana yarinya, ya sa ta zama sanyin idonki. Na karanta wasiƙarki har sau biyu, kuma inda zuciyata ta fi tsayawa shi ne inda kika yi dariya a waya, kika kashe, kika yi kuka ke kaɗai. Zan zo kan wannan. Amma akwai abin da ba ya jiran gobe: shayin nan ki ajiye shi yau, kada ki ƙara ko kofi ɗaya, kuma daren yau ki zauna ki ci tuwonki.

Yawancin irin wannan shayi da ake tallatawa a WhatsApp da Facebook, abin da ke aiki a cikinsa ganye ne mai sa zawo, dangin filaskon da ake jiƙa wa wanda cikinsa ya ɗaure, wani kuma har da abin sa yawan fitsari. Kilo biyun da kika ga sun sauka ruwan jikinki ne da abin da ke cikin hanji. Kitsen yana nan inda yake, kuma da kin koma ci da sha kilo biyun za su dawo, don haka kada ranki ya ɓaci in kin gan su. Jirin da ke ɗibarki shi ke gaya miki jikin ya bushe, a wannan bazara da zafin Tawa ke haura digiri 40, ga jaririya da ke tsotsar kusan kashi uku cikin huɗu na lita daga jikinki kowace rana. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ba ki san ainihin abin da ke cikin ledar ba, mai sayarwar ma ba ta sani ba. Hukumomin kula da magunguna a ƙasashe da dama sun sha kama kayan rage ƙiba da aka rubuta musu "ganye zalla", alhali an ɓoye wani magani mai suna sibutaramin a ciki, wanda aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka tun 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Magunguna da yawa kuma suna ratsawa cikin nono. Ƙawarki ba da mugunta ta sayar miki ba, sana'a take nema, ita ma abin da aka gaya mata ta maimaita. Ba sai kun yi faɗa ba. Ki ce mata ya sa ki zawo da jiri, ki roƙe ta kada ta ƙara sayar wa mai shayarwa ko mai ciki. Jika 15 kuwa ki ɗauka sun tafi, lafiyarki ta fi su.

Cikin makon nan, ba sai ranar awo ta zagayo ba, ki ɗauki karnen yarinya, wato katin awonta, da naki ki je CSI, wato asibitin unguwa, mafi kusa da ku, ki tafi da ledar shayin a nuna wa ungozoma. Ki ce a gwada miki hawan jini, a duba ko jininki ya yi ƙasa, a kuma ɗora yarinya a ma'auni. Ƙarancin jini ya yi wa matan ƙasarmu katutu, kusan rabin matan da ke shekarun haihuwa suna da shi, kuma shi kansa yana kawo jiri da kasala da faɗuwar gaba. In an ba ki jajayen ƙwayoyin ƙarin jini, ki sha su har ƙarshe.

Maganar zobe da nauyin ƙafa ce nake son ki faɗa musu da bakinki, kada ki bari kunya ta sa ki haɗiye ta. Wani nauyin jikin maijego ruwa ne, ba kitse ba. Da yamma ki danna yatsa a ƙaurinki, sama da idon sawu, ki ƙirga biyar ki ɗaga. In wurin ya lotsa ya daɗe bai cike ba, kumburi ne. Kanwa ƴar'uwar gishiri ce, sinadarin da ke cikin gishiri mai riƙe ruwa a jiki da tayar da hawan jini yana cikinta da yawa. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan masu jego da ake kawo musu zuciyarsu ta gaza, suka danganta abin da kunun kanwa da tsananin zafin wankan jego da kwanciya a gadon wuta, kuma likitoci a Yamai ma sun yi bincike kan wannan ciwo na zuciya bayan haihuwa. Ba ina ce miki kina da shi ba, ɗiyata, mai yiwuwa zafi ne da yawan tsayuwa. Amma in kin ji numfashi na yi miki wuya in kin kwanta rigingine, ko tari na tashinki cikin dare, ko ɗan aiki kaɗan ya sa ki haki, ko ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin gani, wannan ba na jiran safiya ba ne. A kai ki babban asibiti ko Cibiyar Lafiyar Uwa da Yaro ta nan Tawa a lokacin.

Game da nono, kada ki yanke hukunci da taɓa ƙirji. Wajen wata uku nonon mace kan daina cika ya yi tauri kamar na farkon jego, domin jiki ya riga ya gane adadin da jariri ke buƙata, sai ya riƙa yin daidai. Mata da yawa a nan suke tsorata su fara ba da madarar gwangwani ko koko, daga nan kuma nonon ya ragu da gaske. Shaidar da za ki riƙe ita ce fitsarin yarinya, sau shida ko fiye a yini da kwana, mai haske, da kuma layin nauyinta da ke hawa a karnenta. Zawo da yunwar kwana tara za su iya taɓa nono, amma yana dawowa da wuri in kin ci kin sha kin kuma yawaita sa ta a ƙirji, dare da rana, duk sanda ta nema. Ki ajiye moɗar ruwa kusa da inda kike shayarwa, ki sha duk lokacin da ta kama, har fitsarinki ya yi haske. Ita kuma kada a ba ta ruwa ko jiƙo kafin wata shida komai zafin gari, ruwan da take buƙata yana cikin nonon.

Yanzu ga amsar tambayarki, kuma ba zan ɓoye miki ba: kilo 13 ba za su sauka a wata biyu ba ta hanyar da za ta bar ki da lafiya. Kafin hakan ta yiwu sai kin bar kusan kashi biyu cikin uku na abin da jikinki ke buƙata kowace rana, kwana sittin a jere, kina shayarwa. Abin da aka tabbatar ba ya cutarwa shi ne kimanin rabin kilo a mako. A shekarar 2000 an wallafa wani bincike a Amurka kan mata masu shayarwa da ke da ƙiba, waɗanda suka rage abinci kaɗan suka ƙara motsa jiki har suna sauke kusan rabin kilo a mako, aka ga jariransu sun girma daidai da na sauran. In kin bi wannan, ranar da maigida zai sauka kin rage kilo uku zuwa huɗu na ainihin kitse, ban da ruwan da zai fita in an daina kanwa. Sauran kuma za su bi a hankali har yarinya ta kusa shekara. Wata tara jikin nan ya yi yana tarawa, kuma da dalili ya tara: wani ɓangare na kitsen ciki tanadi ne da Allah ya yi wa nono. Samar da nonon kaɗai yana cin kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, wajen 500 a rana, ke nan yarinyarki tana taya ki wannan aiki tun kafin ki fara.

Don haka ba abinci za ki bari ba. Sau uku za ki ci, har da ɗan abin taɓawa tsakani. Abin da za mu bi mu cire shi ne abin da ke shiga ciki ba ya ƙosarwa, kuma a gidajenmu abu biyu ne: sukari da mai. Akwai gwajin da na taɓa sa ƙanwata ta yi bayan haihuwarta ta uku. Na ce ta ajiye faranti a kan kwalla, duk ƙwayar sukarin da ta jefa a kunu ko fura ko shayi, ta jefa tsakuwa ɗaya a farantin, in ta sha lemon kwalba ta jefa bakwai, domin ƙaramar kwalba ko gwangwani na ɗauke da sukari wajen giram 35. Da magariba muka zube tsakuwar a tabarma muka ƙirga, ashirin da ɗaya. Ta riƙe baki, don ita a ganinta ba ta cin komai. Ƙwaya 20 giram 100 ke nan, kalori 400, kusan duk abin da kike buƙatar ragewa a rana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce wajen giram 50 a yini, in ya tsaya a 25 ya fi. Ki yi wannan gwajin gobe. Sannan ki raba adadin biyu a makon farko, ki sake ragewa a na biyu. Harshe yana sabawa a hankali, har ki zo kina jin zaƙin hatsin kansa.

Fura ba abokiyar gabarki ba ce. Hatsi da nono abinci ne na ƙwarai ga mai shayarwa, yana riƙe ciki, ya fi farar shinkafa da taliya da burodi amfani nesa ba kusa ba. Ki sha ta sau ɗaya, da rana, da nono mai tsami ba sukari ko da ƙwaya ɗaya, ki ɗauke ta a matsayin abincin rana ko rabinsa, ba ruwan da ake korawa bayan an ci an ƙoshi ba. Mai kuwa, cokalin cin abinci ɗaya kalori 120 ne, mu kuma da ludayi muke zubawa ko mu tuntsura kwalbar kai tsaye. In tukunyar gida ɗaya ce ba ke ke da iko da ita ba, ki yi abin da ke hannunki: ki karkatar da kwanon miya ki ɗebi ta ƙasa ki bar man da ke yawo a sama, kada ki ƙara mai a kan shinkafa da wake, fanke da ƙosai da soyayyen dankali su zama na ranar Juma'a. Ki rage malmalar tuwo kamar da kashi ɗaya cikin huɗu, ki cike gurbin da miya da ganye.

Ganye kuwa Allah ya hore mana. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da albasar Galmi da tumatir, kabeji, karas, kabewa, yakuwa, miyar kuka da ta kuɓewa, duk suna cika ciki ba su tara kitse. Wake ki riƙe shi da kyau, shi ne naman talaka, yana ƙara jini yana kuma hana saurin jin yunwa. Dafaffen ƙwai ɗaya ko biyu da safe, kifin Tabalak in ya shigo kasuwa, a dafa ko a gasa, hanta sau ɗaya a mako, ɗan cuku, gyaɗa cikin tafin hannu in yunwar la'asar ta taso. Ki matsa lemon tsami a kan wake da ganye, yana taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfe mai ƙara jini da ke cikinsu. Shayi kuma yana hana ɗaukarsa, don haka ki raba shi da abinci da kamar awa ɗaya, ki tsaya a kofi ɗaya ko biyu. Mangwaro ki ci ɗaya, ba kwano ba. Dunƙulen miya da gishiri a sassauta, daddawa da albasa da tafarnuwa su ɗauki nauyin ɗanɗano.

Sai Inna. Ɗiyata, ki dubi matar nan da idon rahama. Tsohuwar da ke tashi da asuba ta hura wuta ta dama wa surukarta kunu wata uku da rabi ba fashi, ƙauna ce take nunawa da harshen da ta iya. A zamaninsu maijegon da ta fito arba'in a rame abin kunya ce ga gidan miji, za a ce an bar ta da yunwa, ga shi kuma ɗanta ba ya gari, amanarki na wuyanta. Ta ga shekarun fari da idonta, ta san abin da rama ke yi wa mai goyo. In kika ce mata "ina son in rage ƙiba", abin da za ta ji shi ne kin raina hidimarta. Ɓoye abinci da zubar da kunu a bayan ɗaki kuma ranar da ta gane zai fi yi mata ciwo. Abin da nake ganin zai yi aiki shi ne ki roƙe ta ta raka ki awon nan, ki ce jiri kike ji ba kya son tafiya ke kaɗai, wanda kuma gaskiya ne. Bari ta ji daga bakin ungozoma cewa kanwa da gishiri ne ke kumbura miki ƙafa. Tsofaffinmu suna girmama maganar likita fiye da ta suruka. In kun dawo, kada ki ce ta daina dama kunu, ki ce, "Inna, kunun hannunki ne ke sa mini nono, a yi mini na tsamiya ko na gyaɗa tunda sun hana ni kanwa, sukarin ni zan sa da kaina." Kin bar mata hidimarta da girmanta, ke kuma kin sami abin da kike so. In ta ƙi zuwa, ki nemi wata babba da take jin maganarta, ko mahaifiyarki in suna ɗasawa, ko ki bari ɗanta ya gaya mata ta waya cikin ladabi.

Cikin da kike cewa kamar na wata biyar, shi ma ba duka ne kitse ba. Mahaifa takan koma mazauninta cikin mako shida, amma naman ciki da fata da suka buɗe sau biyu suna ɗaukar watanni. Akwai jijiyoyin nama biyu da suka sauko daga ƙirji zuwa mara, ciki kan raba su ya bar rata a tsakiya. Ki kwanta rigingine a tabarma, ki tanƙwara gwiwa, ki sa yatsu a kwance saman cibiya, ki ɗan ɗaga kai kamar za ki dubi ƙafarki. In yatsu fiye da biyu suka nutse a tsakani, ko kika ga tsakiyar cikin ya yi tsini, ratar tana nan, ki faɗa wa ungozoma, kuma ki guji irin motsa jikin nan na kwanciya ana tashi zaune da ake nunawa a bidiyo, har sai ta duba ki. Abin da ke taimakawa mai sauƙi ne: ki shaƙi iska, in kina fitarwa ki ja cibiya ciki a hankali kamar za ta taɓa baya, ki riƙe kina ƙirga biyar kina numfashi, sau goma. Haka nan ki matse ƙasanki kamar mai riƙe fitsari da tusa, ki ƙirga biyar ki saki, sau goma, safe da rana da dare. Kina shayarwa ma za ki iya, babu wanda zai sani. In za ki tashi daga kwance ki juya gefe tukuna ki dafa hannu. Ɗaure ciki da zane yana ba da ɗan tallafi in kina jin daɗinsa, amma ba ya narkar da kitse, in kuma aka tamke da ƙarfi ƙasa yake tura kayan ciki.

Tafiya ita ce babban maganinki, da zarar jirin ya wuce kuma an ce jininki da zuciyarki lafiya. Bayan sallar asuba kafin rana ta yi ƙarfi, ko bayan la'asar sakaliya, ki ba yarinya nono, ki goya ta, ki fara da minti goma. Kowane mako ki ƙara biyar har ki kai talatin, kwana biyar a mako, da saurin da za ki iya magana amma ba za ki iya rera waƙa ba. In fita na da wuya a gidanku, zagayen tsakar gida ma tafiya ce, ko ki nemi maƙwabciya mai goyo ku riƙa zuwa islamiyya ko kasuwa a ƙafa maimakon hawa kabu-kabu. Zancen da ake yi cewa nonon macen da ta yi gumi ya ɓaci ba shi da tushe, ki goge ƙirji ki ba ta abinta.

Ramuwar azumi ki dakata da ita. Lokacinta a buɗe yake har Sha'aban mai zuwa, kuma ya tabbata Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, takan kai Sha'aban kafin ta rama nata. Ki bari sanyi ya shigo, yarinya ta wuce wata shida ta fara cin abinci, sannan ki rama da niyyar ibada tsantsa, ki tambayi malami hukuncin ciyarwar da ke kan mai shayarwa. Allurar wata uku kuwa gaskiya ne tana ƙara wa wasu mata nauyi da son ci. Kada ki bar ta haka kawai, don sabon ciki yanzu shi ne zai fi komai wahalar da jikinki, kuma shawarar masana lafiya ita ce a sami tazarar shekara biyu kafin wani cikin. Ki gaya wa ungozoma damuwarki kafin lokacin allura ta gaba, akwai wasu hanyoyin, har da wadda ake sakawa a mahaifa da ba ta da sinadarin da ke taɓa nauyin jiki. Barci ma yana cikin lissafi, rashinsa na tayar da kwaɗayin zaƙi. In yarinya ta yi barcin rana ki kwanta tare da ita, ki bar wa Inna babban ya yi wasa a wurinta.

To, maigida. Maganar da ya yi ta yi zafi, kuma kina da gaskiya da kika ji ciwonta. Mace ta ɗauki ciki, ta yi naƙuda mijinta na wata ƙasa, tana tashi sau uku cikin dare, abin da take jira daga bakinsa sannu ce. Amma ina son ki lura da kalmar da ya fara da ita, "jegon ya karɓe ki". A bakin mazanmu da yawa wannan yabo ne, daɗi yake ji an kula da iyalinsa, sai ya ɗora wasan da bai auna nauyinsa ba. Kin yi dariya, don haka har yau bai san ya yi ɓarna ba. Daga wannan jimla guda kika gina kishiya, kika yi mata ɗaki, kika hana kanki abincin dare. Ban san zuciyarsa ba, ba kuma zan yi miki alkawarin abin da ba ya hannuna ba. Abin da na gani a rayuwa shi ne an yi wa sirara kishiya an yi wa masu jiki, rama ba ta taɓa tsare wa mace gida ba. Ki zaɓi daren da ya huta, ba ta bidiyo ba, ta murya, ki ce masa, "Baban yara, maganar ƙofar nan da ka yi ta tsaya mini a rai, har na sha wani magani da ya sa ni rashin lafiya. Na je likita, sun ce a hankali zan rage saboda nono. Ina son ka taya ni." Sannan ki faɗi taimakon da sunansa: ɗan ƙari a kuɗin cefane don ƙwai da kifi da ganye, da kuma ya yi wa Inna maganar kanwa. Namiji ya fi gane buƙata in an miƙa masa ita a fili. Yadda zai amsa zai nuna miki abin da tunanin dare ba zai nuna miki ba. In ya ci gaba da zolaya bayan ya san tana yi miki ciwo, wannan wata magana ce ta daban, ki sake rubuto mini mu duba ta.

Kukan nan kuma ina son ki sa masa ido. In na ranar nan ne kawai, ya wuce. Amma in kin ga mako biyu ko fiye kullum ranki a dagule, ba abin da ke faranta miki, barci ya ƙi zuwa ko yarinya ta yi barci, ko kina jin ba ki da amfani, ki faɗa wa ungozoma da wata wadda kika yarda da ita. Damuwar bayan haihuwa ciwo ce da ke kama mata da yawa, ba raunin imani ba ce, kuma ana maganinta. Haka nan in wata biyu suka wuce kina bin duk wannan nauyin bai motsa ba, ga kasala da jin sanyi da bushewar fata, ki nemi a gwada miki ƙullun maƙogwaro da likitoci ke kira tiroyid, yakan yi rauni ga wasu mata a shekarar haihuwa.

In kuma kika ga duk wannan ya yi miki yawa a yanzu, ga goyo ga babba ga aikin gida, akwai hanya ta biyu mai kyau: ki bar shayin, ki bar kanwa da lemon kwalba, ki ci abincinki, ki bar sauran har yarinya ta cika wata shida. Babu abin da zai ɓaci.

Kayan da suka matse ki, ki ninke su ki sa a ƙasan akwati, ki daina gwada su kowace safiya. Ki kai atamfar Salla wurin tela ya auna ki yadda kike yau, ya bar ɗan wurin ragewa a gefe. A yi miki kitso da lalle, ki turara ɗakinki, ki tari mijinki da jikin da ya haifa masa ƴaƴa biyu. Ma'auni kuma sau ɗaya a mako biyu ya isa, a wuri ɗaya, da safe. In kin dawo daga awon, ki rubuto mini abin da aka samu na hawan jini da na ƙarancin jini, da kilon yarinya na wannan wata da na watan jiya, ki kuma gaya mini tsakuwa nawa kika ƙirga a farantin. Ki gaishe mini da Inna, ki shafa mini kan yarinya.